Muryar Lyle a Cikin Jirgi

Shekara da shekaru Lyle Tofte yana ƙera jirgin sama a tsohon garejin tarakta da ke bayan gidansu a jihar Dakota ta Arewa, a Amurka. Matarsa Arlis ta daɗe da daina tambayar yaushe zai gama. Kunnuwanta sun yi nauyi tun wani zazzaɓi da ya kwantar da ita, in Lyle bai ɗaga murya kamar mai kiran shanu ba, ba ta jin sa. Hirarsu ta koma ihu da nuni da hannu.

Wata rana da hantsi, bayan girbin alkama, ta same shi kwance ƙarƙashin kujerar matuƙi, ƙafafu a waje. Ya huda ramuka a gefen kujerun, inda za a riƙa cusa wayar na'urar kunne da matuƙi da fasinja ke magana da ita, yana ɗaura soket.

"Riƙe min wannan wayar!" ya yi ihu. "Kada ta taɓa ƙarfen jirgin, ƙara za ta cika kunne!"

"Tsoho, kunnen wa? Ni ai na huta da wannan."

Ta riƙe. Ya narka dalma a bakin wayar, siririya kamar zare, hayaƙi ya tashi. Ba ta kama ba, sai da ya sake. Da ya gama ya nuna mata kujerar baya.

"Shiga ki gwada min!"

Ta hau tana mita saboda gwiwa. Ya ɗora mata na'urar a ka, ya sa tasa, ya zauna gabanta, ya murɗa sautin har ƙarshe, ya kunna.

Da fari shiru. Sai ta ji numfashi. Numfashin mutum, dab da ita, yana shiga yana fita. Ta ji ya haɗiye yawu. Ta ji yana magana shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, yana cewa ko dai ya juya baƙar wayar ne.

Muryarsa ce, ba ta ihu ba, wadda ta sani tun suna matasa, sai dai ta ƙara kauri, ta ɗan dishe. Ashe muryar ma ta tsufa tare da su, ba tare da ta sani ba.

"Arlis," ya ce a hankali. "Kina ji na?"

Ta yi shiru, don ya sake faɗa.

"Arlis?"

"Ina jin ka," ta ce. "Kada ka juyo. Ci gaba da magana."

"In ce me?"

"Ko mene ne."

Sai ya fara ba ta labarin saniyar maƙwabcinsu da ta karya shinge. Arlis ta rufe ido tana saurare, a cikin jirgin da ko fukafukai ba a ɗaura masa ba tukuna.