Wanzami a Bakin Ƙofar Sulhu

"Ƙara muryar rediyon nan, Kafinta," in ji Wanzami daga kwance, numfashinsa na fita da ƙyar. "Ko kunnena ne ya riga ni tafiya?"

Na ƙara. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa tun muna da baƙin gashi. Ran nan ne shugabannin ɓangarorin biyu suke sa hannu a kan sulhu, bayan yaƙin da ya raba garinmu gida biyu, gada a tsakiya.

Duk tsawon yaƙin, shi kaɗai ke ƙetare gadar da zabirarsa, don kowane kwamanda yana da kai, kai kuwa yana tsiro. Dabararsa ɗaya ce. Sai ya jiƙa gashi, ya ɗora aska a maƙogwaro, sannan ya buɗe baki. "Ranka ya daɗe, kar ka motsa. Mata na haihuwa a hanya, a buɗe gadar asibiti da safe." Wa zai yi musu aska na wuyansa? Haka aka buɗe gada, haka aka daina harbi a bakin famfo.

Abu guda ya gagare shi: ɗansa, Auta, da aka kwashe da samarin layinmu a mota, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Kowane ɓangare ya ce ɗayan ne.

Da aka kira shi taron sulhu a matsayin wakilin farar hula, ya ce mini, "In na haɗa su a ɗaki ɗaya, ƙarya ta ƙare." A bakin ƙofa aka karɓe zabirar. Aka ba shi kujerar roba a farfajiya, aka ɗauke shi hoto, aka rufe ƙofa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya dawo gida da zabirarsa da tari, bai sake tashi ba.

Rediyo ya cika da tafi.

"Sun faɗi inda yaran suke?" in ji Wanzami.

Matarsa ta kalle ni daga bakin labule tana girgiza kai, alamar kar in faɗa masa gaskiya. Ni kuwa ban saba yi wa mai rai ƙarya ba, balle mai shirin tafiya.

"Ba su faɗa ba. An ce sun yafe wa juna."

"Juna?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Me suka yi wa juna? Ko ƙwarzane babu a kansu, ni na sani. Ni ke aske su."

"Malam, ka yi shiru haka," in ji matar.

"Bar ni, Uwar Auta. Aski ne ya zo gaban goshi." Ya juya fuskarsa bango. "Kafinta, a wasa askar nan. Yaron zai dawo da suma."

Kafin la'asar ya cika.

Washegari muna zaune a ƙofar gida, wata baƙar mota ta tsaya. Direba ya sauke gilashi, ko sallama babu.

"Ina mai askin nan? Oga kwamanda na nemansa, gobe za a rantsar da shi minista."

"Ya tafi tambayar inda yaran suke," na ce. "Can ba a karɓe zabira a bakin ƙofa."

Motar ta juya. Na shiga ɗakin, na ciro askar, na wasa ta a jikin fata yadda na ga yana yi. Na ajiye ta bisa 'yar kujerar da nake gyara masa duk shekara, kusa da ƙwaryar ruwa. Uwar Auta ta zo ta zuba sabon ruwa, ta bar ƙofar a buɗe.