Shirun Wayar Damari

"Kar ki kashe, kar ki yi magana. Sun shigo Damari."

Abin da Mani ya raɗa ke nan, sai ɗif.

Rukayya ta ƙanƙame wayar a kunne, tana tsaye tsakiyar kyamis ɗin yayanta Shamsu a Ƙanƙara, zufa na bin wuyanta. Tun da aka katse sabis ɗin salula a yankin, wannan waya marar igiya ce kaɗai ke haɗa ta da mijinta. Mazauninta na jone da wani ɗan baƙin akwati mai tura murya ta intanet. Irinta ce a ƙaramin asibitin Damari, can Sabuwa, inda Mani ke aikin jinya.

An kira la'asar, an idar, tana nan tsaye. Agogon fuskar wayar na ta tafiya, alamar kira bai yanke ba.

Shamsu ya shigo daga masallaci, ya ga idanunta. "Ke, mi ya hwaru?"

Ta toshe bakin wayar da tafin hannu. "'Yan bindiga, Yaya. Baban Nana ya ɓuya da wayar. Ya ce kar in kashe."

"Kina jin numfashinshi?"

"Ba na jin komi. Amma ai ga shi tana ƙirgawa."

Fuskar Shamsu ta canza. "Wannan ƙirgar ba shaida ba ce. Akwatin nan ba ya gaya wa wayar an ajiye daga can. Rannan Goggo ta gama zuba ita kaɗai, ashe tuni mutumin ya tafi kasuwa."

"To in kashe in sake kira!"

"Ki kira ta yi ƙara a inda ya ɓuya?"

Ta jingina da kantar magunguna, kwalaben maganin tari suka yi ƙarar haɗuwa.

"Kuma muddin kina riƙe da ita a buɗe," ya ce a hankali, "ko ya kira ba za ta shigo ba."

In yana kan layi ta kashe, ta bar shi shi kaɗai. In ba ya nan, ita ce ta tare masa ƙofa.

Shamsu ya jawo kwamfutarsa ya buɗe shafin akwatin. Ya duba, ya sake dubawa. Bai ɗago ba.

"Yaya, faɗa mani!"

"Tun kafin kiran salla layin ya yanke. Mani ya yi ta kira, Rukayya. Kira bayan kira."

Ta danna jan maɓallin kamar ya ƙone ta. Ta ajiye wayar a mazauninta, ta durƙusa a gabanta tana jan "La haula", idonta a kan ɗan koren hasken.

Wayar ba ta yi ƙara ba.

Sai bayan isha'i wani babur ya ci birki a ƙofar shagon. Wani dogon mutum ya sauko, rawani ya rufe rabin fuskarsa, wandonsa duk ƙaya. Bai yi sallama ba. Ya zaro abu daga aljihu ya ɗora a kan kantar shagon.

Wayar asibitin Damari ce marar igiya, Rukayya ta gane ta, da farin filasta naɗe a bayanta inda Mani ya ɗaure murfin batir.

"Wace ce Rukayya a nan?" ya ce. "Ɗauko mayafinki, mu je inda yake."