'Yar Fari a Takardar Raino

Ustaza Bayan, jami'ar duba gidajen raino, ta sake bin kawunan yaran da bakin bironta, ɗaya bayan ɗaya, ta ce bakwai. Ta duba takardar da ke hannunta, takarda ta ce shida.

Inna Azumi na zaune a kan dardumarta tana ɓare gyaɗa. Jin ana ƙirga yara a fili ya sa ta yi ta'awizi har sau uku. Shekara talatin ta yi tana raino a wannan gida na unguwar Sa'alaba a Jidda, ba ta taɓa sanin adadinsu ba. A zamaninta mace za ta turo ƙofa da ƙafa, ta dire yaro a tabarma, ta wuce kasuwar Balad sayar da goro. Tire guda ake zuba shinkafa, duk wanda ya ƙoshi ya mirgina ya yi barci. Yanzu ƙafa ta ƙi, ta bar wa 'yarta Mastura sana'ar, ta koma unguwar Khumra wajen ɗanta Yahya. Sai dai duk Alhamis tana nan, wai ganin jikoki. Gulmar unguwa take zuwa ɗauka, kowa ya sani.

Mastura ce ta nemi takardar izini, don iyayen yanzu ba sa ajiye yaro sai sun ga hatimi a bango. Sharaɗin da aka ba ta shi ne yara shida, har da waɗanda ta haifa. Ta karɓi biyar na mutane, a layin 'ya'yanta kuwa ta rubuta ɗaya: Mu'az, na goye.

Ita Bayan ɗin nan, da mayafinta da katin aiki a wuya, jikar Bawa mai tsire ce. A wannan tsakar gida ta yi rarrafe, kuma ta jiƙa wa Inna Azumi zane ba sau ɗaya ba. Hausa tana ji sarai, maganar ce sai ta haɗa da Larabci. Ta riƙa kiran sunaye, yara suna ɗaga hannu, har aka bar wata 'yar shekara huɗu mai kitson kalaba tana tsaye jikin firji.

"Khala Mastura, wannan bint ɗin wa ce?"

Mastura ta sunkuyar da kai ta ce yarinyar gidan nan ce. Bayan ta ce ta gani, amma wa ta haife ta? Mastura ta shiga gyaran bakin zanen goyo.

Abin da Bayan ta manta, ko ba a taɓa gaya mata ba, shi ne yarinyar nan, Yasmin, 'yar farin Mastura ce. Gidajen Sa'alaba duk sun watsar da wannan kunya tuni, 'yan matan yanzu har hoton ɗan fari suke sawa a fuskar waya. Gidan Inna Azumi ne kawai suka riƙe. Mastura ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, daga "ke" sai "waccan". Ita kanta haka aka yi mata. Ana yaye ta aka kai ta Balad wajen kakarta Maiturare, wadda ta zo hajji da ƙafa ba ta koma ba. A can ta girma, a wani tsohon bene mai tagogin katako, cikin ƙamshin sandal da hawi. Ranar cika takarda kuwa, a gaban mijinta da ƙaninsa aka tambaye ta 'ya'ya nawa. Ina bakin faɗa?

Inna Azumi ta ce ai 'yar fari ba a lissafa ta. Bayan ta yi dariya, ta sumbaci kan tsohuwar, ta ce wallahi ta fahimta, amma takarda ba ta jin kunya. Bakwai ne, dole a rage ɗaya kafin Lahadi, in ba haka ba izini ba zai fito ba. Ta ce bisa al'ada wanda ya zo ƙarshe shi ke tafiya.

Na ƙarshen shi ne Bandar, ɗan Surayya mai shara a asibiti. Mijin Surayya ya rasu bara, ba ta da kowa a Jidda. Gida huɗu ta zaga kafin nan, duk a cike. Duk ranar da ta rasa wajen ajiye yaron, ranar aikinta ya ƙare. Mastura ta dube shi, yana ta fama da murfin tukunya a kansa wai hula.

Ta tambaya, in yaro ba ya wuni a gidan, ana ƙirga shi? Bayan ta ce a'a.

Inna Azumi ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. Ta ce dama shekara biyu ke nan tana jiran a ba ta riƙon jikar nan, abin da yake hakkinta, tunda Maiturare ma ba roƙa ta yi ba. Ɗaki na nan a Khumra, ita kaɗai take kwana da fanka. Za ta riƙa kawo ta duk Alhamis. Mastura, wadda sau biyu tana kauce wa wannan magana da cewa yarinyar na tari, yau gyaɗa kai ta yi.

Bayan ta ce to halas, amma sai an gyara layin da aka yi kuskure, mai gida ta faɗa da bakinta. Ta ɗora biro.

Mastura ta ɗago kai. "Tawa ce. Ni na haife ta."

"Sunanta?"

"Yasmin."

"Ji marar kunya," in ji Inna Azumi, tana goge ido da gefen mayafi, wai ƙaiƙayin gyaɗa ne.

Bayan la'asar Yahya ya iso da motarsa. Mastura ta cusa riguna uku da 'yar tsana a leda, ta ƙara man kitso, ta cire, ta sake mayarwa. Yarinyar ta riga ta kai bakin ƙofa riƙe da yatsan kakarta, murnar shiga mota take yi. Takalminta ɗaya na nan a tsakar gida.

Mastura ta ɗauka, ta buɗe baki za ta ce "ke", sai ta fasa.

"Yasmin."

Yarinyar ta tsaya. Ta dubi kakarta, ta dubi Yahya, ta leƙa gidan maƙwabta tana neman mai kiranta.