Masu Wutsiya a Bututun Sama

Shekara ashirin da shida Sifana yana gyaran famfo a kamfanin ruwan gora, kuma dokarsa ɗaya ce: abin da ruwa ya ɗauka gaba yake yi, ba ya komowa. Shi ya sa da mahaɗar bututu ta tsage datti ya shiga, sai ya wanke daga tsagar zuwa gaba, ya ƙyale na sama, ta inda ruwan ke fitowa.

'Yar ƙaninsa ce mai gwajin ruwa a wurin. Sau uku tana gwadawa, sau uku tana rubuta cewa akwai ƙwayoyin cuta. Manaja ya ce ko wankin ne ƙarya ko gwajin, kuma maƙaryacin zai ajiye makullansa a ranar.

Sifana ya banko ƙofar ɗakin gwaji.

"Ke da na nema wa aikin nan, ni za ki tozarta?"

"Baffa, ruwa na gwada, ba kai ba. Zo ka duba."

Ta tura masa madubin ƙara girma. Ƙarƙashinsa akwai gilashi mai siririyar hanya, ruwa na gudu a ciki. Ya kafa ido. Wasu ƙwayoyin, ruwa ya kwashe su kamar ƙaiƙayi. Wasu kuwa sai su karkata gefe, inda gudun ya yi sanyi, su juyo su fuskanci ruwan, su hau, su lafe.

"Waɗannan wutsiya gare su, da ita suke iyo," in ji ta.

Abin ya so ya burge shi, ya haɗiye.

"Wasan yara. A gilashinki suke haka. Ba sa hawa bututuna."

"To yanke shi mu gani, tunda naka ne."

A gaban Manaja ya sa zarto, ya yanke kamu ɗaya sama da tsagar, ya zura yatsa. Santsi ya ji kamar majina: masu wutsiyar sun hau. Hankalin Manaja na kan waya. In ya shafe yatsan a wando, 'yar ƙanin nasa ce za ta tafi. Tana tsaye tana kallon yatsan.

Ya ɗaga yatsan har hancin Manaja, sannan ya jefar da makullai a ƙasa.

"Baffa, bari in roƙe shi."

"Kada ki ƙara kirana Baffa," ya ce, yana tattara kayan aikinsa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Kuma masu wutsiyar nan, kar ki zubar. Ban gama kallo ba."