Ruwan da Ba Nasa Ba

Aikin nas ɗin ba wuya: ta kwantar da mai ciwon ƙoda, ta manna masa wayoyi biyu a hannu, biyu a ƙafa. Lantarki ɗan mitsitsi ya ratsa jikinsa, na'ura ta faɗi yawan ruwan da ya taru. Doka ɗaya ce, kada kowa ya taɓa shi, in ba haka ba na'urar ta haɗa da ruwan jikin wanda ya taɓa.

Matar Baba Tela ba ta taɓa bin dokar ba. Shekara uku tana ɗura masa ruwan wankin ƙoda ta robar cikinsa a gida, kuma duk wata in sun zo awo sai ta riƙe hannunsa, ɗaya hannun tana matsa masa ƙafa. Lamba ta haura.

"Mama, ki sake shi, ba guduwa zai yi ba," in ji nas.

"Ba ki san shi ba ne, 'yar nan."

Bayan rasuwar matar da wata biyu Baba Tela ya zo shi kaɗai da hantsi. Leɓensa ya tsattsage, jiri na ɗibarsa, ko makaho ya shafa ya san mutumin nan a bushe yake. Amma na'ura ta ce ruwa ya yi masa yawa, har lita uku.

Nas ta canza wayoyin, ta sake awo. Lita uku. In lambar nan ta isa gaban likita, zai rubuta ruwan wanki mai ƙarfi ya ƙara zuƙe shi, ɗan fitsarin da ya rage masa ya ƙafe.

Sai ta lura da hannunsa. Yatsun a lanƙwashe suke, ba su rufe ba, kamar da wani abu a ciki. Bakin wandonsa yana motsi a hankali, fanka kuwa a kashe. Tsoro ta ji, tsoro na gaske, da kunyar abin da za ta faɗa.

"Mama," ta ce can ƙasa, "ki sake shi."

Yatsun suka miƙe. Ta danna na'urar. Lita ɗaya da rabi ƙasa da ƙa'ida.

Ta rubuta. Baba Tela yana kallon silin, hawaye na gangara cikin kunnensa.

"Da kin bar ta ko minti ɗaya, 'yata," ya ce. "A gida ba ta zuwa."