Hannu a Cikin Leda

"Ka janye tabarmar nan daga ƙarƙashin igiyar shanyata," in ji Gwaggo, tsintsiya a hannu. "Garin jikinka duk ya gama da zannuwana."

Tela bai tanka ba. Yana kwance a tsakar gidan hayar ba riga, jikinsa ja da fari kamar bangon da fenti ke ɓantarewa. Kullum da hantsi haka yake yi, wai a asibiti aka koya musu: a ɗan sha rana, sannan a shafe jiki da mai. Duk Laraba yakan rufe shago ya tafi ajin masu ciwon fata, ya dawo ya cika wa mutane kunne da cewa sunan abin soriyasis, ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. Har roƙon Gwaggo ya yi ta raka shi sau ɗaya ta ji daga bakin nas ɗin. Ta ce ta gode, da tsufanta ba ta shiga makarantar ƙazanta.

Ƙyamarsa take ji har cikin ranta, ba ta kuwa ɓoyewa. Ita ta ware masa bokiti, ita ta sa matan gidan suka daina kai masa ɗinki. In ya taɓa kan famfo sai ta wanke shi da toka a gabansa.

Shirun nasa ya ƙara tunzura ta. Ta yi ta shara tana kewaye shi, tana watsa masa ƙura da gangan, tana faɗin duk wanda zai baje wa mutane jiki irin wannan ai kunya ta daɗe da barinsa. Sai da ta zo wajen kansa ta ga kwalbar man a kife, man ya malale har ƙasa. Tela ba ya wasa da man nan. Ta duba sosai, ta ga zufa ta jiƙa masa fuska, hannu ɗaya dafe da ƙirji.

"Gwaggo," ya ce da ƙyar. "Ƙirjina. Ɗaga ni."

Ya miƙo mata ɗaya hannun. Gidan ba kowa, maza sun fita aiki, matan ma duk sun fita, har maƙwabciyarta matar direba ta tafi kasuwa. Gwaggo ta dubi hannun, ta dubi farin ɓawon da ya rufe bayan yatsun.

"Tsaya, ina zuwa."

Ta ruga ɗaki neman leda. Ta farko a huje take, ta yar. Ta biyu akwai gishiri a ciki, ta zazzage shi a kan gado, ta zura hannu ta ɗaure a wuyan hannun da haƙora. Ba ta daɗe ba, ita dai haka ta riƙa gaya wa kanta daga baya.

Da ta fito hannun nasa ya riga ya sauka kan tabarma. Ta kama shi, ta jijjiga, ta kira shi, har ta tallafo kansa. Idonsa a buɗe, yana kallon igiyar shanya.

A haka matar direba ta same su. Ta saki kwandon cefane, ta tambaya ko ya ce wani abu kafin ya cika.

"Bai ce komai ba," in ji Gwaggo.

Ledar ta cika da gumi, ta manne mata a tafin hannu. Can sama, wajen gwiwar hannu inda ledar ba ta kai ba, wani ɗan farin ɓawo yana kwance a kan fatarta.