Kofin da Aka Tsinto a Juji

Cleotis Hairston ya zazzage ƙusoshin da ke cikin kofin a kan benci, ya shiga goge shi da tsumma. Shekara ashirin ke nan yana tara ƙusa a cikinsa a gareji. A jikinsa an zana: Sakandaren Lottie Greer, Zakarun Muhawara, 1962.

"Baba, ƙarfe uku 'yan hukumar ilimi za su zauna fa," in ji 'yarsa Vernice daga bakin ƙofa. "Wai kofin Kaka ka mayar gwangwanin ƙusa? Da tana raye da ka sha tsintsiya."

"Ke dai bar ni. Ni aikinki nake jiye wa. Mutanen da za ki tsaya a gabansu, su suka ɗauke ki koyarwa."

"Su ne kuma za su rushe makarantar Kaka su yi wurin ajiye motoci."

Ya ci gaba da goge kofin. Tun yana yaro ya san labarin. A 1970 aka rufe Greer, aka kwashi yaran baƙar fata zuwa makarantar farare, kofunansu da hotunansu kuwa aka zuba a juji. Washegari iyaye suka bi suka tsince, kowane gida ya ɗauki ɗaya ya adana.

A zauren hukumar ilimi, shugaba Mista Whitlow ya gyara tabarau. "Mun bincika ma'ajiyarmu. Babu wata shaidar cewa ginin nan yana da tarihin da zai hana a rushe shi."

Vernice ta yunƙura za ta miƙe. Cleotis ya dafe hannunta, ya tashi da kansa. Ko a coci bai taɓa magana a gaban jama'a ba. Ya je ya dire kofin a kan teburin. Wata ƙusa da ta maƙale a ciki ta yi ƙara.

"Yallaɓai, ba za ku samu a ma'ajiya ba. A juji aka ajiye ta. Uwata ce ta tsinto wannan."

Kujeru suka fara motsi a bayansa. Mama Eula, ƙawar mahaifiyarsa, ta taho tana dogara sanda, rungume da kofin ƙwallon kwando a cikin tawul.

"Matsa can, Cleotis! Kai kaɗai ne mai uwa?"

Wani ya kawo kakakin 'yan badujala, wata ta kawo hoton 'yan ajin 1958. Kafin a jima takardun Whitlow sun ɓace a ƙarƙashin kaya.

Aka kaɗa ƙuri'a. Huɗu cikin biyar suka ce a bar ginin.

Whitlow ya shafa gefen kofin muhawarar. "Ku bar su a nan, za mu sa a kai su can makarantar."

Cleotis ya dubi 'yarsa, ya ga tana share hawaye tana dariya. Ya miƙa hannu ya ɗauke kofinsa, ya rungume.

"A'a, yallaɓai. Mun taɓa bar muku sau ɗaya. Da kanmu za mu kai."